Shawara Ga Mai Son Sayen Katin Hoto Na Kwamfuta A Kaduna

'Yan'uwa, kafin ku zuba kuɗi a katin hoto mai tsada, wato na'urar da ke sarrafa hotunan da kwamfuta ke nunawa, ku fara duba allon kwamfutarku da irin wutar da kuke samu. Idan allon 1080p ne, wato mai matsakaicin kaifin hoto, katin RTX 3060 mai ma'ajiyar 12GB ya wadatar wajen wasanni da tace bidiyo, kuma wat 170 kawai yake ja. RTX 4090 kuwa, wanda ya fito a 2022 a kan dala 1,599, yana jan wat 450, abin da zai ƙarar da batirin inbata da wuri, ga kuma zafin Afrilu a Kaduna. A ganina mai allon 4K, wato mai kaifin hoto sosai, ko mai aikin zanen 3D ne kaɗai zai ci moriyarsa. Mai sayen na hannu ya sa a gwada masa da aiki mai nauyi tun a shago, ya kuma duba ko ƙurar hunturu ta toshe fankokinsa.