Kafin a nemi tallafin annoba na ƙananan sana'o'i

Duk wanda annobar korona ta durƙusar da sana'arsa, kuma yake shirin neman tallafin gwamnati, ya fara tantance ko kuɗin kyauta ne ko rance, domin sanarwa ba kullum take fayyace hakan ba. A Amurka, alal misali, shirin PPP na 2020 (shirin gwamnati na taimaka wa ƙananan sana'o'i su ci gaba da biyan albashi), wanda aka daina karɓar masu nema a 2021, rance ne da ake yafewa gaba ɗaya idan an cika sharuɗɗa, ciki har da kashe aƙalla kashi 60 cikin 100 wajen biyan albashin ma'aikata; abin da ba a yafe ba kuwa bashi ne.

Sannan a tanadi hujja tun da wuri: takardar rajistar kasuwanci, bayanan asusun banki, da littafin ciniki mai nuna yadda kuɗin shiga ya ragu bayan ɓarkewar cutar. A ganina littafin nan ya fi kowane dogon bayani tasiri. A duba sunan da ke kan asusu ya dace da na rajista, don harafi ɗaya kan jawo jinkiri.

Wanda ya nemi a biya shi kafin ya "saka suna" a jerin masu amfana, a guje shi. Idan kuɗin ya shigo, a adana rasit na duk abin da aka kashe, saboda masu bincike na iya nema daga baya.