Darasi na 9: Tsara Ɗaki Kafin a Zuba Kaya

Yawancinmu sai mun sayi gado da kujeru da durowa, sannan mu fara tunanin inda za a ajiye su. Shi ya sa za ka shiga ɗakin amarya ka tarar da kaya na kuɗi masu yawa, amma babu wurin shimfiɗa dardumar salla. Kujera ta tare ƙofa, durowa ta toshe taga, mai ɗaki tana ta gumi. Kuɗi ya tafi, jin daɗi bai zo ba. Ni dai abin yana ba ni takaici, don sau da yawa iyaye sun sha wahala kafin su haɗa wannan jere.

Magabatanmu da tunanin abin da za a riƙa yi a kowane wuri suke farawa. Dubi tsohon gidan Bahaushe. Baƙo namiji a zaure yake tsayawa, a nan ake gaisawa, a nan malam ke karantarwa, a nan tela ko baduku ke sana'a. Daga zaure sai shigifa, sannan tsakar gida, inda mata ke daka da girki da wanki. Ba a yin ƙofar zaure saitin ƙofar ciki, saboda haka mai wucewa ba ya hango iyali. Bangon ƙasa mai kauri kuma yana hana zafin rana shiga da wuri. Wanda ya je Kano ya leƙa Gidan Makama, wanda yanzu gidan tarihi ne, zai ga irin wannan gini da idonsa. Yau bulo da siminti da kwano muke amfani da su, kuma da yawanmu a ɗaki ɗaya na haya muke zaune, amma tambayar ba ta canza ba: me za a riƙa yi a wannan wuri?

Zauna da iyalinka ku amsa ta tare. Mutum nawa za su kwana a ɗakin? A ina za a ci abinci? A ina yara za su yi karatu da dare? Akwai tsoho ko mai ciki da tsallake dokin ƙofa mai tsawo zai wahalar? Uwargida ce ta fi kowa yini a ciki, don haka a saurari ra'ayinta da kyau.

Bayan haka sai awo. Ka ari tef ɗin awo wurin kafinta ko tela. A ce ɗakinku ƙafa 12 ne tsawo, ƙafa 12 faɗi. Idan ka ninka 12 sau 12, ka sami 144, girman daɓen ɗakin ke nan. Babban gado mai ƙafa 6 da 6 yana cin 36, wato kashi ɗaya cikin huɗu na ɗakin ya tafi tun ba a kawo komai ba. Saura 108, kuma a ciki ne za a fitar da wurin durowa, wurin salla, wurin buɗe ƙofa, da hanyar wucewa mai faɗin kamar ƙafa 3. Yanzu ka tambayi kanka ko saitin kujeru zai shiga. Kafin ka biya kafinta, ɗauki alli ko gawayi ka zana girman kowane kaya a daɓe, ku yi ta zirga-zirga a tsakani. Inda kuka ci karo da zane, a nan za ku riƙa cin karo da katako kullum. Wani lokaci gado mai ƙafa 4 da rabi da kujera ɗaya da tabarma sun fi cika ɗaki amfani.

Iska da haske su ne ran ɗaki. Kada dogon kaya ya tsaya gaban taga. In gini za ka yi, sa taga biyu a bango daban-daban, iska ta shiga ta nan ta fita ta can. Tagar yamma tana kwaso zafin la'asar, sai a taimaka mata da rumfa ko bishiya ko labule mai kauri. A ƙasar Hausa hadarin damina ya fi tasowa daga gabas, iskar hunturu mai ƙura kuma daga arewa maso gabas take zuwa, don haka tagar wannan ɓangare tana bukatar murfi mai rufuwa sosai. Rufin kwano babu silin yana dafa ɗaki da rana. Farin fenti ko mai ruwan madara yana ƙara haske, ɗan ƙaramin ɗaki ya yi kamar ya fi girmansa. A bar sarari a kewayen gado yadda gidan sauro zai sauka a soke shi ƙarƙashin katifa.

Akwai abin da ya wuce maganar kyau, maganar rai ce. Kada a kwana da garwashin gawayi a rufaffen ɗaki lokacin sanyi, kada a kunna janareto a cikin ɗaki ko a gindin taga. Iskar da suke fitarwa ba a ganin ta, ba ta da wari, kuma tana kashe mutane a cikin barci. Madafa ta kasance inda hayaƙi ke samun mafita. Masai ya yi nisa da rijiya, aƙalla mita 15, in fili ya isa a kai 30, kuma Musulmi suna kiyaye kada mai zama a kansa ya fuskanci alƙibla ko ya ba ta baya.

Aikin gida: auna tsawo da faɗin ɗakin da kake kwana, ka rubuta lambobin a littafinka. Zana ɗakin, ka nuna ƙofa da taga da gabas. Rubuta sunayen kayan da ke ciki, ka ja layi a ƙarƙashin duk wanda ba a taɓa shi ba tun sallar da ta wuce. Ka zo da zanen aji mako mai zuwa, za mu duba na kowa tare.