Yadda za ka zaga ganuwar Katsina da ƙofofinta

Ka fito da sassafe, bayan asuba kaɗan, kafin rana ta buɗe ido. Idan da hali ka bari sai lokacin hunturu, domin da damina ciyawa kan rufe abin da ka zo gani, kududdufai kuma su cika. Ka sa takalmin da ba ka jin tausayinsa, ka riƙe gorar ruwa, sannan ka yi ciniki da mai Keke Napep ɗaya na yinin gaba ɗaya. Ƙafa kaɗai ba za ta kai ka ba. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, da ya shigo Katsina a 1851, ya ƙiyasta kewayen ganuwar da mil 13 zuwa 14, wato wajen kilomita 21.

Fara daga Ƙofar Ƙaura, ta hanyar Kano, don ita ce mafi sauƙin samu. Daga nan ka bi Ƙofar Ƙwaya, ka wuce 'Yanɗaka, Guga, Sauri, Durɓi, ka rufe da Marusa. Bakwai ke nan. Ka lura da sunayen: Ƙaura da Durɓi da 'Yanɗaka da Marusa duk sarautu ne na masarautar Katsina har gobe. A Ƙofar 'Yanɗaka ka ɗan tsaya, ta nan Lugga, jagoran Turawan mulkin mallaka, ya shigo da sojojinsa a 1903.

Ga inda yawancin baƙi ke kuskure. Sai su tsaya gaban ƙofa, su ɗauki hoto, su koma mota. Alhali yawancin ƙofofin da ke tsaye yau sabon gini ne na siminti, an faɗaɗa su don tirela ta wuce. Ganuwar ainihi tana tsakanin ƙofa da ƙofa, a bayan gidaje. Saboda haka duk ƙofar da ka isa, sauka ka bi gefenta da ƙafa na minti goma. Abin da za ka nema shi ne tudun jar ƙasa mai faɗin gindi, ruwan sama ya zaizaye shi ya bar masa tsagu, awaki na kwance a kai. Wani wurin za ka ga katangar gida ta hau kansa, wani wurin kuma an yashe shi an yi bulo, sai rami. Ka duba ɓangaren waje ma: kwarin da ke biye da tudun shi ne inda aka haƙi ƙasar ginin, ya kuma zama tarko ga dawakin mahara.

Kada ka hau saman ganuwa, ƙasar ta gaji, ga kuma tsakar gidajen mutane a ƙasa. Kafin ka ɗaga waya, yi sallama ga dattawan da ke zaune a gindin bishiya. “Baba, barka da hutawa, ganuwa na zo gani, ta ina ta bi?” Wannan tambayar ta fi taswira amfani. Wani tsoho zai nuna maka da sandarsa inda ta bi lokacin yana yaro, yanzu shaguna ne a wurin. Labarin da za a ba ka a kan ƙofa ɗaya kan iya zama iri uku. Saurara duka, kada ka yi gardama.

Da rana ta take, shiga cikin gari. Ka leƙa Ƙofar Soro, mashigar gidan Sarki, amma ka tuna ba ta cikin bakwai ɗin nan. Sai hasumiyar Gobarau, wadda ake danganta gininta da zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Korau, tsayinta kusan mita 15. Nemi izinin mai kula da wurin ka hau. Matakalar ƙunci gare ta, ka sunkuyar da kai. Daga sama za ka gane girman filin da ganuwar ta kewaye, har da gonaki a da, don kada yunwa ta ci gari idan an yi masa ƙawanya.

In da sauran ƙarfi, ka ƙarasa tsohuwar Kwalejin Katsina, inda Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, yanzu gidan adana kayan tarihi ne. Ka je ranar aiki, kuma ka riƙe 'yan canji don kuɗin shiga.