Ranar da za a yi maka fiɗa: yadda ake zaɓenta, da abin yi idan ta faɗo Juma'a

Idan likitan fiɗa ya buɗe littafinsa ya tambaye ka ranar da ta yi maka, kada ka ce duk wadda ta samu. Roƙi Litinin, Talata ko Laraba. Wannan shawara ta shafi aikin da ake sa wa rana tun da wuri, kamar gwaiwar da ba ta shaƙe ba, maƙoƙo, ƙarin mahaifa, ko haihuwar fiɗa da aka tsara. Aikin gaggawa hukuncinsa daban ne.

A 2013 masu bincike na Imperial College da ke Landan suka fitar da sakamakon bin diddigin ayyukan fiɗa da aka tsara, sama da miliyan 4, waɗanda aka yi a Ingila daga 2008 zuwa 2011. Sun ƙirga waɗanda suka rasu cikin kwana 30. Wanda aka yi wa aiki ranar Juma'a, haɗarinsa ya ɗara na mai Litinin da kashi 44 cikin 100, na Asabar da Lahadi kuma da kashi 82. Kada lissafin ya firgita ka: duka-duka waɗanda suka rasu ba su kai 7 cikin 1000 ba, ƙarin a kan wannan ɗan adadin yake hawa. Wani binciken na lardin Ontariyo a Kanada, wanda ya fito a 2025 kan majinyata sama da dubu 429, ya sami bambanci ƙarami, kusan kashi 5 cikin 100, idan an haɗa mutuwa da tangarɗa da komawa asibiti.

Inda gizo ke saƙa shi ne kwanakin da ke biyo bayan aikin. Binciken da aka yi a ƙasashen Afirka 25, aka buga a 2018, ya bi majinyata 11,422, 239 suka rasu, kuma kashi 94 cikin 100 na waɗannan bayan ranar fiɗar suka cika. Wato mutum ya fito daga ɗakin fiɗa lafiya, yana kan gado jikinsa ya fara rikicewa, ba a lura da wuri ba. Wanda aka yi wa aiki Juma'a da hantsi, darensa na farko da kwana biyun da suka fi buƙatar ido duk suna faɗawa lokacin da masu gardi, wato ma'aikatan da ke aikin dare da ranakun hutu, kaɗai ke riƙe da asibiti, ɗakin awon jini da na hoto ma haka. A Damagaram kuma masu gardin nan su ne ke tarbar waɗanda ake turowa daga Mirya, Magarya, Matamaye, Tanut da Gure. Ka kuma duba kalanda, domin jajibirin Sallah, ƙarama ko babba, daidai yake da Juma'a ko da ya faɗo Talata.

Abu ɗaya da ya kamata a sani game da aikin hanji: ɗinkin da zai saki yakan nuna kansa ne tsakanin kwana na uku da na bakwai. Saboda haka ko Litinin aka yi shi, ƙarshen mako na cikin kwanakin haɗari, mai jinya bai isa ya saki jiki ba tukuna.

To idan Juma'a ce kaɗai ta samu, ko kuwa ɗage aikin zai kai ka wata biyu gaba ciwo na ci, karɓe ta ka yi shiri. Fara da jini. A san rukunin jininka tun farkon mako, masu bayarwa su je wurin ɗibar jini kafin Alhamis, domin sai an auna shi an tabbatar babu ƙanjamau, ciwon hanta iri biyu ko tunjere kafin a ɗaura wa kowa. A zaɓi baligi mai lafiya wanda nauyinsa ya kai kilo 50, kuma a tanadi mutum biyu ko uku, don akan mayar da wani saboda ƙarancin jini. Takardar magani a saye ta cikakkiya tun Alhamis, a nemi likita ya rubuta abin da zai kai safiyar Litinin: ruwan ƙari, allurar kashe zafi, maganin ƙwayoyin cuta, bandeji. A rubuta sunan farmasin da ke gardi a wannan makon.

Faɗa wa mai sa barci duk abin da kake sha, har da jiƙo da sassaƙe, musamman asfirin, maganin tsinka jini, na sukari da na hawan jini, shi zai ce wanne za a tsayar, kuma yaushe. Abinci a bar shi awa 6 kafin aiki. Kunu, fura da madara duk abinci ne. Ruwa zalla ana iya sha har saura awa 2, sai idan likita ya hana. Dalilin wannan doka shi ne mai barcin allura ba ya iya tare amai, abin da ke ciki ya gangara huhu.

Kafin likita ya tafi ranar Juma'a, babban mai jinya ya tare shi da ladabi: "Likita, Allah ya taimake ka, wa zai duba shi gobe da jibi? Yaushe zai fara shan ruwa? Wace alama ce idan mun gani za mu kira?" Ya kuma gaisa da manjo, wato shugaban ma'aikatan jinya na sashen, ya san fuskar ma'aikacin da ke gardin dare da ɗakin da yake zama.

Aikin mai jinya na gaske awo ne da rubutu. A samu littafi, biro, agogon salula da abin awon zafin jiki. Duk awa huɗu, a daren farko kuma duk awa biyu, ɗora yatsu biyu a wuyan hannun majinyaci ta gefen babban yatsa, ka ƙirga bugun na minti ɗaya cur. Sannan ka kalli ƙirjinsa ba tare da ka gaya masa ba, ka ƙirga tashinsa na minti ɗaya. Ga babba da ke kwance, bugun da ya wuce 110 ko yake ta hawa daga awo zuwa awo, numfashin da ya kai 25, zafin da ya wuce 38.5, ko tansiyo, wato awon hawan jini, da lambarsa ta sama ta sauka ƙasa da 90, kowanne ya isa a kira ma'aikaci nan take. Hawan bugun zuciya yakan riga faɗuwar tansiyo idan jini na zuba a ciki, musamman ga matashi, shi ya sa jiran tansiyo ya faɗi makara ne.

Idan an sa wa majinyaci robar fitsari, ledar da ke tara shi tana da layukan awo a jikinta. Durƙusa ka karanta, ka rubuta kafin a zubar. Mai kilo 60 ya kamata ya ba da aƙalla mililita 30 a awa, wato 180 cikin awa 6. Idan ya gaza haka, ko ya yi duhu kamar shayi, ko dai ruwa ya yi ƙaranci a jiki, abin da ke saurin faruwa a zafin Afrilu da Mayu, ko robar ta lanƙwashe ƙarƙashin cinya. Duba robar tukuna, sannan ka kira.

Sauran alamun ido ke ganinsu: bandejin da ya jiƙe da jan jini, cikin da ya kumbura ya yi tauri, amai kore, leɓɓa da tafin hannu sun yi fari, zufa mai sanyi, ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo. Wanda ya fara sambatu ko barcin da ba ya tasuwa, kada a ce gajiya ce ko iska. Ga mai jego da aka yi wa fiɗa, ƙunzugun da ya jiƙe sharkaf cikin awa ɗaya, ko ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, ba su jiran wayewar gari.

Yadda ake kai magana yana da tasiri. "Jikin Baba ya yi tsanani" ba ta gaya wa ma'aikacin da ke riƙe da gadaje da yawa komai. Ka ce: "Malam, bugun Baba 90 ne da la'asar, yanzu 120, fitsarinsa tun azahar bai kai 100 ba." Idan an duba an ce a jira, sake awo bayan rabin awa, in abin ya ƙaru ka roƙi a kira likitan gardi. Kada a ba majinyaci ruwan rubutu, kunu ko wani jiƙo kafin likita ya buɗe masa baki, hanjin da bai farka ba mayar da shi zai yi. Kada kuma a nemi sallama ranar Asabar don gudun kashe kuɗi alhali yana zazzaɓi ko bai fitar da iska ba, balle idan gida na da nisa da gari.

Aikin gaggawa kuwa, duk maganar zaɓen rana ta faɗi. Gwaiwar da ta fito ta ƙi komawa, tana ciwo ana amai, hanjin da ke cikinta na iya mutuwa cikin 'yan awoyi, aikin da zai zama ɗinki kawai ya koma yanke hanji. Haka yaron da ya yi sati biyu yana zazzaɓin taifot cikinsa ya ƙame kamar allo, da naƙudar da ta kwana ta yini, da macen da ta yi ɓatan wata ta faɗi da ciwon mara. Ko tsakar daren Asabar ne a kama hanya, kada a ba majinyaci ci ko sha, a riƙe takardar turawa da katin awo, kuma masu ba da jini su shiga mota ɗaya da shi.