Yadda ake haɗa gwiwa da wata sana'a ba tare da an rabu dutse a hannun riga ba

Na sha ganin masu ƙananan masana'antu biyu sun haɗu da murna, za su sayi na'ura tare, ko su sa sola a rufi ɗaya, ko ɗaya ya riƙa kwashe tarkacen ɗaya yana sarrafawa. Shekara ta zagayo sai ka iske ko gaisuwa babu. Ni ma na taɓa shiga wannan ramin, shi ya sa zan daɗe a kan matakin da ya kayar da ni.

Da farko, kada ka fita neman abokin hulɗa kafin ka san abin da ke hannunka. Ka yi wata uku kana auna abin da kake zubarwa da abin da kake biya: wuta, ruwa, ragowar kaya, awannin da na'urarka ke zaune ba aiki. Littafi da biro sun isa, ba sai ka ɗauko ƙwararre ka biya shi ba. Wanda sharar ka za ta zame masa kayan aiki, shi ne mutuminka. A garin Kalundborg na ƙasar Danmak haka abin ya faro. A 1972 wani kamfanin allunan gini, Gyproc, ya fara sayen rarar iskar gas daga matatar mai da ke kusa. Daga baya tashar wutar garin ta riƙa tura tururi zuwa kamfanin magunguna na Novo Nordisk da matatar, tana kuma dumama gidaje. Ba taro aka yi aka zana tsarin gaba ɗaya ba, ciniki ne ɗaya bayan ɗaya, kowanne da ribarsa. Don haka ku ma ku fara da abu guda, ku gwada na wata shida.

Na biyu, ni ban yarda a yi gaggawar zama kamfani ɗaya ba. Kowa ya riƙe rajistarsa, ku ƙulla yarjejeniya a kan aikin kaɗai. A tarayyar da ba ta da iyakar alhaki, bashin da abokinka ya ciyo zai iya cin dukiyarka. Tsoron haka ne ya sa Ronald Wayne, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin Apple, ya sayar da kasonsa na kashi 10 cikin 100 na kamfanin a kan dala 800 a watan Afrilun 1976.

Yanzu ga inda na faɗi. Ni da abokin hulɗata mun rubuta kuɗin da kowa ya zuba, mun rubuta rabon riba, har wanda zai gyara na'ura idan ta lalace mun rubuta. Abin da ba mu rubuta ba shi ne na waye dabarar da za ta fito daga aikin. Wata takwas muna gwaji har muka gano yadda za a mayar da ragowar kayansa abin sayarwa. Tunanin daga ma'aikacina ya fito, gwajin a na'urarsa aka yi. Rannan sai na ji ya koya wa wani kamfani hanyar, ya karɓi kuɗi. Da na yi magana ya ce ai shi ma nasa ne, kuma ban da takardar da zan ƙaryata shi. Har yau abin na yi mini ciwo, ba don kuɗin kaɗai ba, don yaron da ya kawo tunanin bai samu ko sisi ba.

Saboda haka kafin a kunna na'ura, ku zauna ku raba abu uku a rubuce. Abin da kowa ya zo da shi na ilimi da zane da jerin abokan ciniki, nasa ne, aro ya bayar. Abin da aka ƙirƙira tare, a faɗi sunan mai shi, da wanda ke da ikon ba wani izini, da kason da ɗayan zai samu. Sai ladan ma'aikacin da ya kawo dabara. Kada ku rubuta "mallakarmu ce tare" ku tashi, domin ma'anar wannan kalmar ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Amurka kowane ɗaya daga cikin masu rajistar ƙirƙira zai iya ba wani lasisi ba tare da ya tambayi ɗan'uwansa ba, a Birtaniya kuwa sai da yardarsa. Nan ne kaɗai nake cewa a biya lauya, ko da kuɗin ya yi zafi. Ku buɗe littafin gwaji ɗaya, duk abin da aka gwada a sa kwanan wata, mutum biyu su sa hannu.

A takardar nan kuma ku rubuta yadda za a rabu tun ana dariya. Sanarwar wata uku, da hanyar yi wa na'ura kuɗi. Wasu na amfani da tsarin da ɗaya zai faɗi farashi, ɗayan ya zaɓa ko ya saya ko ya sayar a kan wannan farashin. Yana hana zalunci, sai dai yana fifita mai kuɗi a hannu, don haka a ba da wa'adin biya.

Sauran ba wuya. Kowane ɓangare ya naɗa mutum ɗaya da za a riƙa kira. A sa mita a kan wuta da ruwan da ake rabawa, kada a yi ƙiyasi. Ma'aikatan da za su taɓa na'urar a koya musu tare, da kayan kariya iri ɗaya, a kuma faɗi wanda zai ɗauki nauyi idan wani ya ji rauni. Duk ƙarshen wata a zauna rabin awa da littafin awo, a gwada da alƙaluman wata ukun farko. Idan wata shida sun cika shara ba ta ragu ba, kuɗin wuta bai sauka ba, a buɗe shafin rabuwa a bi abin da aka rubuta.