Yadda za ka auna gudun babur da ƙarar hon da wayarka

Ka taɓa lura in ɗan acaɓa ya taho a guje yana danne da hon, ƙarar siririya take fitowa, amma da ya gota ka sai ka ji ta yi kauri? To ba kunnenka ba ne, sautin ne ke matsewa in abu na tunkaro ka, ya kuma saki in yana nisa da kai. Wani masani ɗan Ostiriya, Christian Doppler, shi ya fara bayanin abin a 1842, a 1845 kuma wani masani, Buys Ballot, ya gwada a Holan, ya ɗora masu busa a jirgin ƙasa mutane na saurara daga gefen layi. Yau wayar da ke aljihunka ta isa, kuma wallahi ina son ɗalibanmu na sakandare su gwada.

Sauke manhajar phyphox, kyauta ce, jami'ar RWTH Aachen ta Jamus ce ta yi ta, ka shiga sashenta mai suna Audio Spectrum, wanda ke nuna sirantar sauti ko kaurinsa da lamba. Sai ka nemi aboki mai babur da titi miƙaƙƙe da ba cunkoso, ya riƙe gudu ɗaya, ya danne hon tun daga nesa kar ya saki sai ya wuce ka sosai, kai kuma kana gefe da waya. Lamba biyu kake nema, ta tahowa da ta tafiya.

A ce ka samu 460 Hz a tahowa da 420 Hz a tafiya (Hz shi ne sau nawa sauti ke kaɗawa a daƙiƙa ɗaya). Bambancinsu 40, jimlarsu 880, raba 40 da 880 ka ninka da gudun sauti. Littafi zai ce maka mita 343 a daƙiƙa amma wannan na yanayin digiri 20 ne, in ana zafi sama da digiri 30 ka sa 350. Zai ba ka kusan mita 16 a daƙiƙa, ninka da 3.6, wajen kilomita 57 a awa kenan.

Inda ake yawan kuskure shi ne ɗaukar lambar daidai lokacin da babur ɗin ke gifta ka, a nan sautin zamewa yake, ka ɗauka tun yana nesa gaba da baya. Kar ka yi nisa da titin don in ka yi nisa gudun da lissafin zai ba ka zai ragu, amma don Allah kar ka hau kwalta. Jiniya ba ta yi, ita da kanta hawa da sauka take. In da iska ka kare bakin makirfon da hannu, sannan ka tambayi abokinka nawa malejinsa ya nuna ku gwada da naka.