Yadda ake karɓar riƙon maraya da dukiyarsa a gaban alƙali

Da an share makoki, sai ka ga baffa ya tattara takardun gida da makullan shago ya zuba a aljihu, yana cewa ai shi ne babba. A fiƙihun Malikiyya, wanda kotunan shari'a na Arewacin Najeriya suke aiki da shi, girma bai ba shi wannan iko ba. Dukiyar yaro tana hannun ubansa, in ya rasu sai wasiyyin da ya naɗa, in babu wasiyyi sai alƙali, shi ne zai zaɓi wanda zai riƙe.

Saboda haka ka fara da raba abu biyu. Riƙon yaron kansa, wato hadana, na uwa ne, bayanta kakarsa ta wajen uwa. Namiji yana hannunta har ya balaga, mace kuwa har ta tare a ɗakin miji. In uwar ta auri wanda ba muharramin yaron ba, riƙon yakan koma ga mai bi mata. Kula da gona da haya da kuɗin banki wani aiki ne daban, kuma a nan rigima take.

Sai ka bincika ko mamacin ya bar wasiyyar wanda zai kula da dukiyar yaran, a rubuce ko a gaban shaidu. In ya bari, an huta. In bai bari ba, a zauna da dangin ɓangarorin biyu a tsayar da mutum ɗaya mai amana. Kada a bar uwar yaran a bayan labule, domin in ba ta yarda ba yau, gobe ita za ta kai ƙara.

Daga nan a haɗa takardu: shaidar mutuwa da takardun haihuwar yaran daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, katin shaidarka, da jerin abin da aka bari. Wasiƙar mai unguwa ko dagaci tana taimakawa.

A je kotun shari'a ta yankin, a shigar da buƙata wurin magatakarda, a zo da shaidu biyu adilai waɗanda suka san ka, suka san mamacin. Alƙali zai raba gado tukun, ya fitar da kason kowane yaro, sannan ya damƙa maka. Kada ka fita sai da takardar hukunci mai hatimi. Banki da kamfanin fansho kuma sukan nemi takardar izinin gudanar da dukiyar mamaci daga babbar kotun jiha. Sunanka da marigayi ya rubuta a fom a matsayin makusancinsa ba zai buɗe maka asusu ba, mutane da yawa sun sha rana a kan wannan.

Haka ake bi in babba ne ya samu taɓin hankali ko tsufa ya rikita shi, sai dai a ƙara da takardar likita. Sashe na 277 na kundin tsarin mulkin 1999 ya sa irin wannan shari'a a hurumin kotun ɗaukaka ƙara ta shari'a, can ake zuwa in hukuncin ƙaramar kotu bai gamsar ba.

Bayan an damƙa maka, ka sayi littafi. Kuɗin makaranta, magani, gyaran rufi, zakkar da ka fitar daga dukiyar, duk ka rubuta da kwanan wata. Kada ka cakuɗa da jarinka, kada ka sayar da gida ko gona ba da sanin alƙali ba. Yaron kuma ya ci gaba da amsa sunan mahaifinsa.

Balaga kaɗai ba ta isa a miƙa dukiya ba. Aya ta 6 ta Suratun Nisa'i ta ce a jarraba shi, sai an ga hankalin riƙon kuɗi. Ka ba shi ɗan jari ka ga yadda zai juya. In ya iya, ka kira shaidu, ka buɗe littafin a gabansu, ka miƙa masa, ya sa hannu.